Baƙon da Bai Iso Gwarzo Ba

A ɗakin zauren gidanmu da ke Gwarzo akwai wata katifa da har yau ba a cire mata leda ba. Baba ne ya saye ta da kuɗinsa a farkon 2023, ya sa aka ɗoro ta a saman mota tun daga Kano, saboda wani mutumin Japan da bai taɓa gani ba. Duk sanda na je gida nakan yi ƙoƙarin kada idona ya sauka a kanta.

Abin ya faro ne a 2018. Na gama karatun kwamfuta a Jami'ar Bayero, na yi shekara uku ina rubuta manhaja a wani ƙaramin kamfani a Kano, sai aka tura ni horon wata shida a birnin Kobe, wurin wasu da ke yi wa ɗakunan ajiyar kaya na tashar jiragen ruwa manhaja. Kafin nan, tafiya mafi nisa da na taɓa yi ita ce ta bautar ƙasa.

Baba ya ce ba za a je garin mutane hannu rabbana ba. Inna ta so ta cika mini jaka da kilishi, da ƙyar na fahimtar da ita cewa Japan ba ta yarda matafiyi ya shigo mata da nama. Aka tsaya a kan dabino da huluna uku. A raina ina ganin ƙauyanci ne, wa zai sa hula a Japan? Ashe su ma suna da tsaraba, omiyage suke ce mata, har sun fi mu riƙe ta. Wanda ya je wani gari ya dawo ofis ba kwalin alawa, sai ya kama neman afuwa. Hulunan Baba sun yi mini aikin da takardar digirina ba ta yi ba.

Ɗaya daga cikinsu na ba mutumin da aka haɗa ni da shi ya riƙa duba aikina. A can, wanda ya riga ka shiga aiki senpai ne. Na ce masa mu Yaya muke cewa, ya ji daɗin kalmar, ta bi shi. Ya ba ni shekara goma, ba shi da yawan magana, kuma in ya duba abin da na rubuta ba ya taɓa cewa na yi kuskure. Sai dai ya ce, "Wannan zai ɗan yi wahala." Na yi sati uku kafin na gane cewa ma'anarta a goge a sake.

Kowa ya je Japan zai ba ka labarin kyautatawarsu, kuma ba ƙari suke yi ba. Na tambayi wata tsohuwa hanya, ta bar abin da take yi ta raka ni har ƙofa. Na manta lema a jirgin ƙasa, na same ta washegari an lika mata takarda. Ka ci abinci ka bar canji a tebur, sai a biyo ka da shi da gudu. Suna da suna ga wannan hali, omotenashi, wato ka hango buƙatar baƙo tun bai buɗe baki ba. Amma wata huɗu suka wuce ban ga cikin gidan kowa ba. Wannan ya tsaya mini a rai. Ni jikan mutumin da zaurensa a Kabo bai taɓa rufuwa ba ne. Duk motar da ta lalace da daddare a hanyar Kano zuwa Gwarzo, kakana na wajen uwa yakan sa a kira fasinjojin, a ɗumama tuwo, a shimfiɗa tabarmi, sai da safe ake tambayar mutum daga ina. A wurina karɓar baƙo daga bakin ƙofa take farawa.

A watan Disamba aka yi walimar ƙarshen shekara da suke kira bonenkai, ta manta wahalar shekarar da ta wuce. Unguwar Sannomiya aka je, cibiyar daren Kobe. Daren Gwarzo da na sani shi ne teburin mai shayi, hayaƙin tsire, ƙarar janareta a gidan kallon ƙwallo, sai majalisa da kan watse kafin sha ɗaya. A Sannomiya kuwa dogayen benaye ne siriri, kowane hawa da gidan abincinsa ko mashayarsa, allunan fitilu sun jeru daga ƙasa har sama. Mutanen da da rana ba sa iya haɗa ido da shugabansu, ga su nan sun kwance laƙtaye suna dafa kafaɗarsa.

Muka cire takalma muka zauna a ƙasa. Aka miƙo wa kowa tawul mai ɗumi na goge hannu, da ɗan ƙaramin kwano na abin taɓawa. Na ce to, ga ruwan maraba irin nasu. Daga baya na ji ashe kuɗinsa yana cikin lissafi, ko ka ci ko ba ka ci ba.

Gaskiya ban saki jiki ba. Na san abin da malamanmu suke faɗa a kan zama a teburin da ake shan giya, kuma ga ni a kansa. Da Baba zai leƙo, ban san da wane baki zan yi bayani ba. Ina cikin wannan tunani Yaya ya zaro wata takarda daga aljihu, rubutun hannu gaba da baya. Ashe kwana biyar kafin nan ya kira gidan abincin ya bi jerin girkinsu ɗaya bayan ɗaya: wanne aka sa wa romon alade, wanne aka zuba wa mirin, wato giyar shinkafa mai zaƙi da suke sawa a girki kamar yadda muke sa magi. Ya yi alama a kan kifi gasasshe da gishiri kawai, da waken suya ɗanye da ake dafawa cikin kwansonsa, da shinkafa. Da aka zo ɗaga kofuna, na ga nasa irin nawa ne, shayin oolong mai sanyi. Duk ofis an san shi da son giya, ana ta tsokanarsa, ya ce cikinsa ne ba daɗi. Ƙarya yake yi. Ba ya so in zama ni kaɗai mai shayi a cikin mutum goma sha biyar.

Daga nan aka wuce gidan karaoke, inda ake ba ku ɗaki da makirfo kowa ya rera abin da ya iya. Mutanen Kobe suna alfahari da cewa a garinsu wani mai kaɗa ganga, Daisuke Inoue, ya haɗa na'urar a 1971. Na'urar tana da dubban waƙoƙi, ba ko ɗaya ta Hausa. Suka matsa, na rera musu waƙar biki da na ji a bakin ƙannen Inna, ba kiɗa, suna tafi ba bisa ƙa'ida ba. A nan na shagala. A Japan dare yana da iyaka, kuma jirgin ƙasa na ƙarshe ne iyakar, wajen sha biyu. Kafin in farga nawa ya tafi. Na farko sai wajen biyar na asuba, kuɗin tasi zuwa masaukina kuwa ya kai cefanena na sati.

Gidan Yaya bai fi tafiyar minti ashirin a ƙasa ba. Na san haka, shi ma ya san na sani. Ina jiran ya ce mu je. Sai ya ce akwai gidan abinci da ba ya rufewa, mu zauna a can.

Wallahi raina ya ɓaci. Ina ta raya wa kaina cewa duk ladabin nan na waje ne, an yi maka komai amma an tsayar da kai a bakin ƙofa. Muka zauna a gefen taga muna shan shayi. A kan benci a waje wani mai kwat yana ta sharar barci, jakarsa a gefe, ba mai kallonta. Wajen biyu na dare wata yarinya ta wuce ita kaɗai tana danna waya. Can Yaya ya fara magana, abin da bai saba ba. Ya ce gidansa ɗaki biyu ne, matarsa da jariri suna barci, ba a share ba, ba a shirya ba, kuma a wurinsu shigar da baƙo gidan da ba a shirya masa ba wulaƙanta shi ne. Ya ce abin da yake da shi a daren nan shi ne barcinsa, shi zai ba ni.

Sannan ya ba ni labarin 17 ga Janairun 1995, ranar da girgizar ƙasa ta rushe Kobe kafin gari ya waye, ta kashe mutum sama da 6,000. Yana ɗan sakandare. Sun yi makonni suna kwana a zauren wasannin makaranta, kuma abin da bai manta ba shi ne dunƙulen shinkafa da wasu suka kawo a keke daga wajen gari, mutanen da bai san sunansu ba har yau. Ni kuma na ba shi labarin zauren Kabo. Ya yi shiru, ya ce, "Ba a tambayar sunan mutum sai da safe?" Na ce ƙwarai. Ya ce yana so ya ga wannan wuri kafin ya mutu. Na ce bismilla, gida gidanka ne. Haka muke cewa, kuma a lokacin har zuciyata na faɗa.

Da asuba ta gabato ya raka ni, muka haura tudu zuwa masallacin Kobe. An gina shi a 1935, shi ne mafi daɗewa a Japan, ya tsira daga ruwan bama-baman 1945, ya kuma tsira daga girgizar da ta rushe gidan su Yaya. Na shiga na yi salla. Da na fito yana tsaye a tsallaken titi cikin sanyin Disamba, hannu a aljihu, ya sayo mini gwangwanin shayi mai zafi.

Na dawo gida, na ba Baba labari, na tsallake zancen teburin giya. Baba ya ce wannan mutum yana bin gidan nan bashi.

A ƙarshen 2022 saƙon Yaya ya shigo. Ya samu hutun kwana goma, abin da ba ya samuwa da sauƙi a wurinsu, yana tambaya ko gayyatar tana nan. Don murna, tun ban yi tunani ba na kira Baba. Kafin wata ya zagayo an yi wa ɗakin zaure fenti, an sayo katifa, an ware rago. Inna har ta fara tambaya ko suna cin yaji.

Ni kuwa na zauna na yi lissafi irin na aikinmu, inda kullum ake tambaya: in abu ya lalace fa? Gwarzo tana iyaka da jihar Katsina, kuma kowa ya san labaran da ke fitowa daga can. Garinmu lafiya lau muke kwana, amma farin mutum a zauren talaka, labarinsa zai riga shi isa kasuwa, kuma ban san kunnen da zai shiga ba. Ma'aikatar harkokin wajen ƙasarsu tana da taswirar gargaɗi mai mataki huɗu, kuma arewacin Najeriya ba ya cikin masu sauƙi. Na tuna injiniyan nan ɗan Jamus da aka sace a Kano a 2012, wanda bai koma gida da rai ba. Na tuna jaririn nan, wanda yanzu ya isa shiga makaranta. Zauren Kabo ma da na yi masa alfahari da shi, tun rasuwar kakana kawuna ya sa masa ƙofar ƙarfe, baƙon dare kuma sai an kai shi wurin mai unguwa tukuna. Wannan ban taɓa gaya wa Yaya ba.

Na yi kwana uku ina rubuta amsa ina gogewa. Daga ƙarshe abin da na tura masa layi ɗaya ne, na ce a bana abin zai ɗan yi wahala. Ya gane. Ai shi ya koya mini jimlar. Ya amsa cewa ya gode da na yi tunaninsa, ya haɗo da hotonsa sanye da hular Baba, ya karkata ta ba daidai ba.

Baba ne bai gane ba. Na yi masa bayanin taswira da hanya da komai, yana saurare yana jan carbi. Da na gama ya ce, "To shi da bai kai ka gida ba, ai ya kwana a zaune tare da kai. Kai me ka yi?" Na ce, "Baba, tsoro na ji masa." Ya ce, "Na ji." Bai sake tayar da maganar ba. An yanka ragon da babbar salla.

Bara ƙanina zai yi aure, kuɗi sun yi ƙaranci, Inna ta ce a ba shi katifar zaure tunda ba mai amfani da ita. Baba ya ce a'a, tana da mai ita.