Akwatin Kiɗa a Ƙasar Kotso

Ran Talata na tsaya wurin mai gyaran rediyo a kasuwar Mafara, sai na hango wani tsohon fiyano ƙirar Casio ƙarƙashin tebur. Ƙura ta rufe shi, haƙora biyu sun fita, murfin batir kuwa da robar tayar keke aka ɗaure. Mai gyara ya zuba batir ya danna, sai ga kiɗa: dum, tas, dum, tas. Yara suka taru. Ni kuwa hankalina Maradun ya tafi.

Mu nan da kotso muka tashi. Musa Ɗankwairo, haifaffen ƙasar Bakura wanda duniya ta san shi da Maradun, gadon kiɗa ya yi daga mahaifinsa, har ya rasu a 1991. Sa'idu Faru ma ɗan wannan yanki ne. Ku sake sauraron kaset ɗinsu da kyau. Makaɗi jiran maigida yake. In ya ja baiti, kotso ya lafa. In ya zabura, hannu ya zabura, 'yan amshi su cafe. Akwatin nan ba ya jiran kowa. Shi ke gaba, mawaƙi na binsa a guje, ko numfashi zai ɗauke.

Da wannan na daɗe ina raina shi, kuma yanzu ina ganin na yi gaggawa.

Kamfanin Roland na Japan ya fito da injin kiɗa TR-808 a 1980, masana suka ce ƙararsa ba ta yi kama da ta ganga ba, ciniki ya ƙi, aka daina ƙera shi a 1983. Da ya faɗo kasuwar gwanjo, yaran baƙar fatan Amurka marasa kuɗin studiyo suka kwashe, yau da yawa daga kiɗan duniya jikansa ne. A Jamaika, kiɗan da ke cikin ƙaramin Casio MT-40 shi ya haifi waƙar Sleng Teng a 1985. A Kano ma haka: fiyanon Yamaha PSR ne ya ɗauki waƙoƙin fim a shekarun 1990, har aka riƙa cewa waƙar fiyano.

Abin da ya fi tsaya mini shi ne gado. Da, wanda ba ɗan gidan makaɗa ba ne, ina zai samo kotso, balle masu amshi biyar? Ɗan malam ko ɗan manomi sai dai ya yi waƙarsa a zuci. Akwatin nan bai tambayi asalin kowa ba. Kuɗin batir kawai.

Na taya fiyanon nan. Mai gyara ya ce, "Malam, ba na saidawa ba ne. Wani yaro ya kawo daga Bakura, damina biyu ke nan, bai dawo ba." Muna cikin magana batir ya fara sanyi, kiɗan ya riƙa ja yana nishi, har ya yi shiru.