Motar kawuna da tsamiyar bakin korama

 Ni mai koyar da karatun manya ne a wani ƙauye na ƙasar Buza. Ban koyi gyaran mota ba. Amma kowannenmu yana shiga mota ranar kasuwa, shi ya sa nake so in ba ku labarin abin da ya same ni a kakar 2023.

Kawuna, ƙanen mahaifiyata, yana da mota mai buɗaɗɗen baya, wadda muke ce wa bashe. Ita ce ƙafar garinmu. In an fitar da albasa daga rudu, ita ke kai ta Madawa da Galmi. Ita ke kai awaki kasuwa. In mace ta sha wuyar naƙuda da dare, ita ake tadawa a kai ta likita.

Bayan damana sai motar ta kama wani hali. Kun san ƙasar Adar, hawa ce da gangara. A hanyarmu akwai wata gangara mai tsawo wadda ke sauka cikin korama. A bakin koramar akwai babbar tsamiya. Duk lokacin da muka kusa tsamiyar, sai mota ta kama rawa kamar mai masassara. Sitiyari ya riƙa karkarwa a hannun kawu. Da mun wuce, sai ta yi shiru.

Mutane suka ce wurin ne ke da iskoki. Kawu ya ce tayoyin gaba ne suka tsufa. Ya sayi taya biyu da kuɗin geron da ya sayar. Rawa ba ta daina ba.

Ni kuwa sau da yawa gaba nake zama, kusa da shi. Na lura da ƙafarsa. Mota ba ta rawa sai ya taka birki. Na lura kuma tana yin haka a shigar Madawa, inda babu tsamiya ko ɗaya. Ashe a bakin korama gangara ce ke sa shi taka birki da ƙarfi. Na gane haka, amma na yi shiru. Kawu yana tuƙi tun ban yi wayo ba. Shi ya saya mini allo da riga ranar da aka sa ni lakwal. Na ji kunyar in gwada masa aikinsa.

Wata ranar kasuwa muka ɗauki albasa, mutane suka hau bisa buhuna. Ɗiyata mai shekara 6 tana baya tare da uwarta. Muna gangarowa sai ga wani yaro makiyayi ya koro tumaki suna ƙetare hanya. Kawu ya taka birki iya ƙarfinsa. Sitiyari ya kusa kuɓuce masa. Mota ta fizga hagu, ta bar hanya, ta nutse cikin rairayi. Tsakaninmu da yaron bai fi taku biyu ba. Ɗiyata ta bugi ƙarfe, leɓenta ya fashe. Allah ya kiyaye, ba a rasa rai ba.

Daren nan ban yi barci ba. Na ce a raina, da yaron nan ya mutu, da ina da kaso cikin alhakinsa, don na ga abu na yi shiru. Bayan sallar asuba na tafi gidan kawu, na durƙusa na gaishe shi.

Na ce: "Kawu, a gafarce ni, ina da magana a kan mota."

Ya ce: "Faɗi, ɗana."

Na gaya masa duk abin da na lura. Ya daɗe bai ce kome ba. Can ya ce: "Me ya hana ka faɗi tun da wuri? Tashi mu je Madawa."

Muka tafi sannu, ba kaya, ba fasinja. Muka sami wani tsohon makanike. Bai taɓa ko ƙusa ɗaya ba sai da ya yi wa kawu tambaya uku. Yaushe take rawa? A ina kake jin rawar, a hannu, ko a ƙafa, ko a mazauni? In ka ɗaga ƙafa daga birki, tana dainawa? Daga nan ya ce mu hau kwalta mai zuwa Galmi, inda hanya take sumul, don a hanyar marmara mai kunya-kunya kowace mota rawa take yi. Ga gwajin da ya yi. Na rubuta shi cikin littafina tun a wurin.

Na 1, ya kai mota gudun kilomita 60, ya ɗaga ƙafa daga totur, bai taɓa birki ba. Mota ta rage gudu shiru. Ya ce da ta yi rawa a nan, da ba birki ba ne. Da sai mu duba dogon ƙarfen da ke ƙarƙashi, mai kai ƙarfin inji zuwa tayoyin baya, wanda suke ce wa kardan. In gaɓoɓinsa suka ci, mota na yin gurnani ƙarƙashin mazauni, kuma ana jin ƙwas in an sa giya. Ya ce kuma in taya ce ta kumbura, ko ƙarfen taya ya lanƙwashe, rawar na zuwa da gudu, ko an taka birki ko ba a taka ba.

Na 2, ya rage gudu ƙwarai, ya ja birkin hannu kaɗan-kaɗan, yana riƙe da maɓallinsa. Birkin hannu tayoyin baya kaɗai yake kamawa. Mota ba ta yi rawa ba. Ya ce to, baya lafiya lau. A yawancin irin waɗannan motoci birkin baya kamar tukunya yake, ana ce masa tambur. In tukunyar ta bar da'ira ta koma kamar ƙwai, a mazauni da ƙafa ake jin rawar. Wannan gwaji sai a fili, sannu, ba da kaya ba.

Na 3, ya sake gudu, ya taka birkin ƙafa. Nan take sitiyari ya kama karkarwa, birkin kuma yana harbin tafin ƙafarsa. Ya ce: "Ciwon a gaba yake."

Muka tsaya. Ya kusantar da bayan hannunsa ga kowace taya, bai taɓa ƙarfen ba. Ta gaba ta dama tana huci kamar murhu, sauran ukun kuwa ɗumi kawai. Da muka koma gareji ya ɗaga gaba, ya kama kowace taya sama da ƙasa ya girgiza, ya kama gefe da gefe ya girgiza. Ya ce in ta yi wasa, to gaɓoɓin ƙafar mota ne ko rulma suka ci. Ba ta yi ba. Ya juya ta hagu, ta juya sakayau. Ya juya ta dama, ta ƙi sai da ƙyar.

Ya kwance tayar ya gwada mana. Birkin gaba faranti ne na ƙarfe mai juyawa tare da taya. Akwai takalma biyu masu matse shi gefe da gefe, kamar yadda kake matse faifai da tafin hannu biyu. Abin da ke tura takalman yana da rigar roba. Robar ta yage. Ruwa da laka na koramu suka shiga, tsatsa ta kama shi, ya daina komawa baya. Takalmi ya zauna yana gugar faranti tun daga gida har kasuwa. Zafi ya ƙone faranti, ya ci shi ba daidai ba, wani wuri kauri, wani wuri sirara. Tsohon ya ce bambancin da bai kai kaurin takarda ba ya isa ya sa mota rawa. Kuma da yake dama ta ƙone, hagu ta fi ta kamawa, shi ya sa muka fizga hagu.

Kawu ya ce a kai farantin a goge shi ya daidaita, don ya fi araha. Tsohon ya kankare tsatsa a gefen faranti, sai ga lamba an buga a jikin ƙarfen. Ya ce in karanta. Lambar tana faɗin iyakar sirantar da faranti zai yi. Ya auna, namu ya riga ya kai iyaka. In aka goge shi, zai ƙara sirara, ya fi saurin ɗaukar zafi. Dole aka sayi faranti biyu da takalma sababbi, don ba a canza gefe ɗaya a bar ɗaya. Aka gyara abin turawar, aka sa masa sabuwar roba, aka canza man birki. Da za a mayar da taya, ya goge mazauninta tas, ya ɗaure ƙusoshin a gicciye, wannan sannan na daura da shi, kaɗan-kaɗan har suka kamu daidai.

Kuɗin ya yi wa kawu nauyi, sai da ya sayar da rago. A hanyar gida ya ce mini: "Tayoyin nan biyu su suka fi yi mini ciwo. Da na yi tambaya, da gerona yana rumbu." Gaskiyar mutanen da, matambayi ba ya ɓata.

Yanzu kawu yana sauka gangara da giya ta 2, inji na riƙe mota, birki na hutawa. Ya rage lodi. Bayan kowace damana yana sa a duba masa robobin birki. Tsamiya tana nan inda take, muna wuce ta shiru.

Ƴan uwa direbobi, in mota ta kama rawa, ku lura da lokacin da take yi da inda kuke jin ta, kafin ku fitar da kuɗi. Ku kuma masu hawa baya, in kun ji wani abu, ku gaya wa direba cikin ladabi, ko da ubanku ne. Ɗiyata ta warke, amma tabon yana nan a leɓenta, kullum ina ganinsa.

Allah ya kiyaye mana hanya.