Katin Zaɓena Tsakanin Baba da Dattijon Coci

Yau ba labarin kasuwa na zo da shi ba, wata magana ce da ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya.

Mahaifina mutumin Garwa ne ta ƙasar Kamaru, atamfa yake sayarwa a kasuwar Jimeta tun kafin a haife ni, a Nassarawo muke zaune. Mahaifiyata 'yar Numan ce, ta dalilinta na zama ɗan Najeriya, don haka ni ina da katin zaɓe, Baba ba shi da shi.

Da zaɓen 2023 ya matso, APC ta tsayar da Tinubu da Shettima, dukansu Musulmi, sai gari ya ɗauki zafi. Wata Lahadi bayan an tashi sujada, wani dattijo ya riƙe hannuna ya ce, "Ɗana, ƙuri'arka ta Allah ce, duk inda ka ga namu ka dangwala masa." Da na gaya wa Baba sai ya ce, "Kai dai ka riƙe addu'a da awon yadi. Siyasa ƙazanta ce, mu kuma baƙi ne."

Ni karatuna a sakandare ya tsaya, sai na kai maganar wurin wani abokin cinikinmu da ke karatu a makarantar tauhidi ta Bronnum da ke Mbamba, wadda aka sa wa sunan likitan Denmak da ya iso Numan a 1913. Ya ce gardamar nan ta girmi kakanninmu. Bayan an washe birnin Roma a shekara ta 410, Agustin, bishop na Hippo a Aljeriya ta yau, wanda ya sha falsafar Girkawa, ya koyar cewa birane biyu ne, ɗaya an gina shi kan ƙaunar Allah, ɗaya kan son kai, kuma mutanensu a gauraye suke har ranar shari'a. Ke nan babu jam'iyyar da za ta ce ita ce birnin Allah, suna kuma ba ya nuna inda zuciya take. A 1523 Martin Luta ya rubuta cewa Allah yana mulki ta hanya biyu, ta Maganarsa da ta hukuma, kuma Kirista yana yi wa hukuma aiki saboda maƙwabcinsa. Agustin ya amsa wa dattijo, Luta ya amsa wa Baba.

Mai karatu, ban gamsu ba sai da na tuna mutum biyu. Rabaran Jolly Nyame ya yi gwamnan Taraba, wadda muke tare da ita a Gongola kafin 1991. Namu ne, limamin coci ne ma. A 2018 kotu ta ɗaure shi shekara 14 kan dukiyar jama'a, aka rage zuwa 12, aka yi masa afuwa a 2022.

Na biyu Bishop Stephen Dami Mamza ne. Lokacin da Boko Haram ta kama Mubi a Oktoban 2014, ina yaro, na ga 'yan gudun hijira cike da harabar majami'ar St. Theresa a Jimeta, Kirista da Musulmi suna layin hatsi tare. A 2021 ya buɗe musu gidaje 86 a Sangere-Marghi, da coci da masallaci, har wasu Kiristoci suka yi ƙorafi. Bai riƙe kujerar gwamnati ba, amma ya yi abin da dominsa ake kafa gwamnati.

Ranar zaɓe na fita na bi layi. Ba zan faɗi wanda na zaɓa ba, amma tambayar da na yi wa kowane suna ita ce: me ya yi wa maƙwabcin da ba nasa ba? Dattijon nan ya rage fara'a da ni, abin yana damuna. Baba kuwa bai ce komai ba, sai da dare ya ce in nuna masa yatsan da aka shafa wa tawada, ya daɗe yana kallonsa.

Allah Ya ba mu zaman lafiya. Sai mun sake haɗuwa.