Abin da Hunturu ya Koya Mana Game da Motar Makaranta

Makarantarmu tana kan tudun Filato, inda sanyin Disamba da Janairu yakan shiga har ƙashi. Muna da tsohuwar akori-kura mai shan man gas. Wata asuba zazzaɓi mai tsanani ya kama ɗaya daga cikin ɗalibanmu mata. Muka sa ta a mota, muka murɗa mabuɗi. Injin ya yi ta juyawa yana fid da farin hayaƙi, amma ya ƙi tashi. Sai maƙwabci ne ya kai ta asibiti. Ta warke, mun gode Allah, amma kunya ta kama mu ƙwarai.

Muka kira makanike. Bai ko duba ba ya ce laifin tamostat ne, ya cire shi ya yar. Kashegari motar ta sāke ƙin tashi. Ga kuma sabuwar matsala: allurar zafi ba ta hawa, mota kuwa tana shan mai fiye da dā.

Sa'an nan muka je wurin wani dattijo, tsohon direban babbar mota. Ya ce, "Malamai, kun ba mara lafiya maganin cutar da ba tasa ba."

Ya bayyana mana cewa injin gas ba shi da fulogin tartsatsi kamar na fetur. Fistin ne yake matse iska har ta yi zafi, man ya kama da kansa. In ƙarfe ya kwana cikin sanyi, sai ya shanye zafin nan. Shi ya sa aka sa hita a cikin injin. A murɗa mabuɗi rabi, a jira fitilarta ta mutu, kana a tayar. Sanyi kuma yakan rage ƙarfin batir, ya sa baƙin mai ya yi kauri. Da ya gwada, hita biyu cikin huɗu sun ƙone.

Tamostat kuwa ƙofa ce tsakanin injin da lagireto, aikinsa sai bayan mota ta tashi. Yakan buɗe sa'ad da ruwa ya kai wajen digiri 80 zuwa 90. In ya maƙale a buɗe, injin ba ya ɗumi. In ya maƙale a rufe, allura ta hau ja alhali babban tiyon sama bai yi zafi ba. Don a gwada shi, a sa shi a tukunyar ruwa a kan wuta. In ruwa ya kusa tafasa bai buɗe ba, ya mutu. Kada dai a buɗe murfin lagireto injin yana da zafi.

Muka sa sababbin hita, muka sayi wani tamostat. Yanzu kafin kowane hunturu mukan gwada batir da hita, gama ba mu san daren da za a buga mana ƙofa ba.