Kashi 30 Da Aka Bar Wa Malamai

Wata ranar Laraba da la'asar, cikin daminar 1445 ta Hijira, watau 2023, motar wani malamin jami'a ta ɗau zafi daidai mararrabar Tina, wadda mutanen Jos ke kira Tina Junction. Yara suka taimaka aka tura ta gefen titi, ƙofar wani gareji. Malamin ya fito riƙe da fayil, domin ko da motar za ta kwana a nan, takardun da ke ciki ba za su kwana ba: gobe da safe kwamitin sashensu zai zauna zama na ƙarshe a kan abin da za a riƙa koya wa ɗaliban aikin injiniya.

Domin mai karatu ya gane nauyin wannan fayil, sai an ɗan koma baya. Doka ta 16 ta 1985 ita ce ta ba Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa ikon tsayar da mafi ƙarancin abin da kowace jami'a za ta koyar kafin ta ba da digiri. Hukumar ta fitar da tsarin farko a cikin 1989, ta sake shi a cikin 2007. Sa'an nan a watan Disamba na 2022, zamanin Farfesa Abubakar Rasheed, ta fito da sabuwar manhaja mai fannoni 17, wadda a cikinta ta rubuta kashi 70 cikin 100 na darussa, ta bar wa kowace jami'a kashi 30 ta cika da abin da ya dace da ita da wurin da take. Ƙungiyar malaman jami'o'i, ASUU, ba ta yi na'am ba. Ta ce tsara karatu aikin majalisar dattawan jami'a ne, ba a yi mata aski a bayan idonta. An yi ta wannan muhawara a jaridu, amma a ƙasa aiki bai tsaya ba, domin ɗalibai na tafe, kuma tilas wani ya zauna ya cika gurbin.

To, kashi 30 ga mai kallo daga nesa fili ne babba. Ga wanda aka miƙa wa alƙalami kuwa, ɗan tsako ne a hannun mutum goma. Karatun injiniya shekara biyar ne, kuma kowane malami yana da darasin da yake ganin duniya za ta tashi idan ba a sa shi ba. Wannan yana son a ƙara ilmin kwamfuta, wancan yana son harkar man fetur tun da can albashi yake, wani kuma ya kafe a kan darasin da shi kaɗai ya iya koyarwa, wanda hakan ma wata dabara ce ta tsare kujera. Bugu da ƙari, a wannan shekarar ce majalisar da ke yi wa injiniyoyin Nijeriya rajista, COREN, ta sami karɓuwa ta wucin gadi a Yarjejeniyar Washington, wadda ƙasashe irin su Amurka da Ingila da Kanada suka ƙulla tun 1989 don su riƙa amincewa da digirin injiniya na junansu. Sharaɗinta shi ne a auna ɗalibi da abin da zai iya aikatawa ranar da ya gama, ba da yawan awoyin da ya yi zaune a aji ba. Gurbi ɗaya tak ya rage a fayil ɗin malamin, kuma mako biyu ke nan ya kasa rubuta kome a ciki.

Mai garejin dattijo ne, gemunsa ya yi fari fat. Ya sa aka buɗe bonet, ya ce a ta da inji, ya karkata kai kamar mai sauraren kiran salla daga nesa.

"Malam, ba lagireto ba ne. Boris ɗin famfon ruwa ne ya tafi."

"Baba, ai ko taɓawa ba ka yi ba."

"Ya faɗa da bakinsa, ranka ya daɗe. Kai ne dai ba ka ji ba."

Kafin yaro ya dawo daga sayen kayan, aka ba malamin benci, hira ta ɓarke. Ashe dattijon a ma'aikatar wani kamfanin kuza da ke Bukuru ya koyi aikin fita yana saurayi, lokacin da manyan injuna ke kwarfe ruwa daga ramuka dare da rana da wutar da ake kawowa daga Kurra. Jin haka sai malamin ya gyara zama, domin shi ma ɗan kuza ne. Mahaifinsa daga ƙasar Katsina ya zo ci-rani, ya ɗauki kwano a ka ƙarƙashin wani heluma, bai koma ba. Da kuɗin wannan kwano aka saya masa allo da littafin farko.

Abin da ya faru da kuza sananne ne ga duk mutumin Filato. Turawa sun fara haƙarta a farkon ƙarni na 20, ko da yake maƙeran Liruwe sun riga su narka ta da daɗewa. Saboda ita aka ja wutar lantarki daga Kurra tun wajen 1930, aka gina masana'antar narka ta Makeri a farkon shekarun 1960. A watan Oktoba na 1985 kasuwarta ta rushe a Landan, shekarar da aka yi dokar manhajar nan ke nan. Kamfanoni suka watse, suka bar ramuka cike da ruwa daga Bukuru har Barikin Ladi. Masu noman rani na ban ruwan dankali da kabeji da su, amma kuma suna cin rai. A cikin ɗaya daga cikinsu malamin ya koyi iyo, kuma a cikinsa abokin wasansa ya shiga wata rana da azahar, sai washegari aka fito da shi. Shekara biyar ya yi yana karatun injiniya, bai taɓa jin an ambaci waɗannan ramuka a aji ba, alhali kuwa ya haddace sunayen madatsun ruwa na Amurka.

Da dattijon ya ji abin da ke cikin fayil, sai ya yi dariya. Ya ce ai shi ma malamin jami'a ne, albashi ne kawai ba a ba shi, domin duk shekara ɗalibai kan zo garejinsa koyon aiki. Yana nufin shirin nan da Asusun Horar da Ma'aikatan Masana'antu, ITF, ya ƙirƙiro a cikin shekarun 1970, wanda bisa al'ada ɗalibin injiniya kan yi wata shida a wurin aiki a shekararsa ta huɗu. Hedikwatar asusun ma a nan Jos take, kan hanyar Miyango. Da can masana'antu ke ɗaukar yaran. Da masana'antu suka yi ƙaranci, sai da yawansu suka gangaro gareji.

"Yaranku sun san sunan kome, Malam, amma sifana na ba su tsoro. Wani sai ya yi wata biyu bai ɓata riga ba."

Malamin ya sunkuyar da kai, ya zaci an gama da shi. Amma dattijon bai gama ba. Ya ce bara an kawo masa wata yarinya, shiru-shiru, wadda da fari ya raina. Yana da ɗan lambu gefen wani tsohon rami, kuma injin ban ruwa biyu ya ƙone masa a nan bai san dalili ba. Yarinyar ta je ta auna zurfin ruwan da tsawon bututu da faɗinsa, ta zauna da biro a bayan wata tsohuwar kalanda, ta ce masa bututun ya yi siriri, injin kuma ya yi wa aikin kaɗan. Ya bi maganarta, har yau injin na uku yana aiki.

"Shekara arba'in ina wannan sana'a, ita a awa ɗaya ta ga abin da ban gani ba. Ni ina da kunne, ita tana da lissafi. In za ku iya haɗa su a mutum ɗaya, ku haɗa."

Magariba ta kawo jiki sa'ad da aka gama ɗaura famfon. Malamin bai tashi nan da nan ba. Ya ɗora fayil a kan bonet, ya cika gurbin da ya rage: darasi a kan tsofaffin ramukan haƙar ma'adinai, yadda ake auna zurfinsu da ƙarfin gaɓarsu, yadda ake gwada ruwansu, da zaɓen injin da zai ja shi zuwa gona. Ya rubuta cewa rabin makin a bakin rami za a ci shi, kuma ba wanda zai haye sai ya kwance famfo ya mayar da hannunsa.

Washegari kwamiti ya yi awa uku a kai. Wani farfesa ya ce ɗalibin da zai nemi aiki a Legas ko Kanada me zai yi da kududdufin Filato. Malamin ya amsa cewa ruwa da ƙasa da famfo ba su san iyakar jiha ba. Wani ya tambaya wa zai biya kuɗin motar kai ɗalibai, wannan kuwa ba wanda ya amsa. Daga ƙarshe aka rage darasin daga zango biyu zuwa ɗaya, aka mai da shi na zaɓi, aka sa hannu.

Ran Asabar ya koma mararrabar Tina ya biya cikon kuɗin boris. Ya tambayi dattijon ko zai yarda a kawo masa ɗalibai goma-goma su ga yadda ake kwance famfo. Dattijon ya goge hannu da tsumma, ya ce ya yarda, amma kowa ya zo da tsohuwar riga.