Laburaren Gari da Ɗalibin da Ba Shi da Littafi

   

In ka ɗauke masallaci, wuri ɗaya ne na sani a garuruwanmu da talaka zai shiga ya zauna tun hantsi har la'asar, ba mai tambayarsa me ya zo saya, ba kuma mai tambayarsa ɗan gidan wane ne shi. Wurin nan shi ne laburaren gwamnati, wato ɗakin karatu na jama'a. Abin mamaki, mu masu da'awar neman ilimin addini mu ne muka fi kowa nisa da shi. Da yawa daga cikinmu sun ɗauka gidan 'yan boko ne, inda masu shirin jarrabawa ke zuwa su kifa kai a kan littafin lissafi, shi ke nan.

Abin da ya sa na ɗauko wannan zance shi ne halin ɗalibaina na Islamiyya. Nakan ba su aikin gida, in ce a je a yi muraja'a, a duba sharhin hadisi kaza. Washegari sai yaro ya zo bai duba ba. In ka matsa masa da tambaya, sai ka tarar ba lalaci ba ne kullum. Gidansu ɗaki biyu ne, ƙannensa shida, maƙwabci yana da injin niƙa, da dare kuma babu wuta. Littafin da na ce ya duba mujalladi goma sha uku ne, kuɗinsa ya fi abin da mahaifinsa ke samu a wata. Yarinya kuwa nata ya fi tsanani, domin da ta buɗe littafi a tsakar gida za a tuna akwai wanke-wanke. Irin waɗannan yara, kafin su bukaci nasiha a kan falalar ilimi, suna bukatar kujera da tebur da shiru na awa biyu. Abu na farko ke nan da laburare ke bayarwa, kuma ni a ganina ya fi duk sauran ayyukansa girma, ko da yake ba a cika lissafa shi ba.

A nan Kano muna da Ɗakin Karatu na Murtala Muhammad da ke kan titin Ahmadu Bello, ƙarƙashin hukumar laburare ta jiha. Wanda bai taɓa shiga irin wannan wuri ba yakan zaci kantoci ne kawai cike da littattafai. Aikin ya wuce nan. Akwai jaridu da mujallu, sababbi da tsofaffi, ga mai son bin diddigin wani al'amari da ya faru kafin a haife shi. Akwai sashen yara. Akwai zauren taro, kuma shekaru da dama reshen Kano na Ƙungiyar Marubuta ta Najeriya ya riƙa yin zamansa na wata-wata a can, inda sabon marubuci zai karanta abin da ya rubuta, manya su saurara su yi masa gyara. Sannan akwai ma'aikacin laburare kansa, mutumin da aka horar musamman don ya nuna maka inda abu yake. Mu da muka taso a gaban malaman zaure mun san darajar wanda zai ce maka, "Wannan mas'ala ka neme ta a babi kaza." To shi ma ma'aikacin nan kusan aikinsa ke nan, sai dai shi ba ya ba da fatawa.

Ga kuma batun kwamfuta. Tun 2015 hukumar JAMB ta mayar da jarrabawarta baki ɗaya a kan kwamfuta. Yaro zai haddace Alƙur'ani, ya ci darussansa na sakandare da kyau, amma ranar jarrabawa ce ranar farko da zai ɗora hannunsa a kan na'urar. Duk laburaren da ke da sashen kwamfuta, ko da guda goma ne a ciki, yana toshe wata kafa da ɗan mai hali bai ma san da ita ba.

Ban zargi iyayenmu da suka yi ɗari-ɗari da wannan wuri ba, domin yana da asali. Ɗakunan karatu na zamani sun shigo Arewa ne ta hannun Turawan mulki. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu aka buɗe ƙananan ɗakuna ƙarƙashin En'e, ana ajiye jaridu da takardun labarin yaƙi. A 1952 aka kafa laburaren Jihar Arewa a Kaduna, a shekarun da aka tashi haiƙan da Yaƙi da Jahilci. Abin da ke ciki rubutun boko ne, masu shiga kuma malaman ofis ne. Shi kuwa malamin addini nasa littattafan suna gida, a gafaka da adaka, yana ba da aronsu ga almajirin da ya yarda da shi. Tsari ne mai albarka, ya kuma raya ilimi ɗaruruwan shekaru. Amma yana da iyaka: sai wanda ke da hanya zuwa zauren. Baƙo, da ɗan talakan da ba a san ubansa a unguwa ba, da mafi yawan mata, duk suna waje.

Sai dai duk wanda ya ce ɗakin karatu na kowa da kowa baƙon abu ne a Musulunci, tarihi zai ƙaryata shi. Yaƙut al-Hamawi, mai littafin Mu'ujamul Buldan, wanda ya rasu a 626 bayan Hijira (1229), ya ba da labarin zamansa a birnin Marwa, cikin ƙasar Turkumenistan ta yau. Ya ce ya bar garin da taskokin littattafai guda goma na waƙafi, kuma samun aro a cikinsu yana da sauƙi ƙwarai, har gidansa ba ya rabuwa da mujalladi 200 ko fiye, ba tare da an karɓi jingina a hannunsa ba. Ka tuna, mai karatu, kowane ɗaya daga cikin littattafan nan da hannu aka rubuta shi, wani ma watanni aka yi ana kwafarsa. Ka kuma tuna wane ne Yaƙut. Ba ɗan garin ba ne. Yaro ne ɗan asalin Rum da aka kamo aka sayar a Bagadaza, daga baya aka 'yanta shi, ya riƙa cin abinci da kwafar littattafai. Irin wannan mutum aka miƙa wa dukiya mai yawa haka bisa amana kawai, kuma shi da kansa ya faɗi cewa mafi yawan fa'idojin littafin nasa daga taskokin nan ya tsinto su. Ya bar Marwa saboda tsoron Tattar, ba a daɗe ba kuwa, a 1221, suka rusa birnin. Taskokin sun tafi, abin da baƙon nan ya kwafa daga cikinsu ya saura, har yau ana buga shi ana karantawa.

Malamanmu ma ba su bar al'amarin kara zube ba. A mazhabar Malikiyya da muke bi ya halatta a yi waƙafin abin da ake iya ɗauka, littafi na ciki. Badruddin Ibnu Jama'a, wanda ya rasu a 733 (1333), ya ware babi guda a littafinsa Tazkiratus Sami'i wal Mutakallim a kan ladubban mu'amala da littattafai. Ya so a ba da aro ga wanda ba zai ɓata ba. Ya ɗora wa mai aro ya gode, kada ya riƙe littafi fiye da bukata, kada ya yi rubutu a gefensa ba da izini ba, kada ya mayar da shi matashin kai ko mafici. Duk lokacin da na ga ƙa'idojin da ake liƙawa a bangon laburare sai in tuna da wannan babi, domin kusan abu guda suke faɗi. Saboda haka ɗalibin da ya yage shafi daga littafin jama'a don ya huta da kwafa, ko ya soke mujalladi ɗaya a riga ya fita da shi, ya sani ba gwamnati ya cuta ba. Haƙƙin duk wanda zai zo neman shafin nan bayansa ya ɗauka, mutanen da bai san su ba balle ya nemi gafararsu.

Na san abin da wasunku za su ce: "Malam, ai yanzu laburare a aljihu yake." Gaskiya ne, kuma ni ma ina amfana. Al-Maktabatus Shamila ta tara dubban littattafai, mas'alar da a da za ka kwana kana nema yanzu ba ta ɗaukar minti guda. Amma ku faɗi tsakani da Allah, sau nawa kuka buɗe littafi a waya kuka kai shafi ashirin ba tare da saƙon WhatsApp ya fizge ku ba? Na'ura tana kai ka daidai kan jimlar da ka nema, sai ka ɗauke ta ka tafi, ba ka ga abin da ya gabace ta ba, ba ka ga ƙaidin da marubucin ya sa a shafi na gaba ba. Daga nan ake samun masu ciro rabin magana su hau mumbarin intanet da ita. Wanda ya tsaya gaban kanta kuwa, yana neman littafi guda sai idonsa ya faɗa kan maƙwabcinsa, wanda bai taɓa jin sunansa ba. Da yawa daga littattafan da suka gyara mini fahimta ta haka na gamu da su. Ba a ma zancen yaron da ba shi da wayar, ko yana da ita babu data babu caji.

Ba ina cewa laburarenmu sun kai yadda ake so ba ne. Na taɓa shiga wani ƙarami a wata ƙaramar hukuma, na tarar sashen addini kanta guda ce, ita ma rabinta ƙura, littattafan Larabci a jibge a kwali saboda babu wanda zai karanta sunayensu ya shigar da su rajista. Amma tambayar da na yi wa kaina a ranar ita ce, a garin nan mutum nawa ne suka yi karatun Larabci har jami'a? Da mutum biyu daga cikinsu sun ba da yammacin Asabar huɗu, da kwalin nan ya koma kanta. Attajiranmu, Allah ya saka musu, suna rige-rigen gina masallatai, wani lokaci uku a layi ɗaya. Da wuya ka ji wanda ya sa wa ɗakin karatun garinsu wutar sola, ko ya ɗauki nauyin jaridun shekara, ko ya sayi tafsiri da Kutubus Sitta ya ajiye a inda kowa zai kai gare su, alhali ilimin da ake amfana da shi yana cikin abubuwan da ladansu ke bin mutum kabari, kamar yadda ya tabbata a hadisi.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne makomar littattafan malamai in sun rasu. Magada su raba, wannan ya ɗauki mujalladi uku na Fathul Bari, wancan ya ɗauki huɗu, littafin ya tashi daga aiki a hannun kowa. Ko kuma a kulle adaka don girmamawa, ba mai buɗewa sai bayan shekara goma, a tarar gara ta gama karatunta. Alhaji Umaru Falke, malami kuma ɗan kasuwa na Kano da ya rasu a 1962, ya bar taska mai ɗauke da rubuce-rubuce fiye da 3,000. Yau tana Jami'ar Northwestern a Amurka, a tsare, an yi mata fihirisa. Mutum ya rasa murna zai yi ko baƙin ciki. Ta tsira, amma ɗan Kano da ke son ya taɓa ta da hannunsa sai ya nemi biza. Taskoki nawa ne irinta da ba su samu ko wannan ba?

Tun da Alhamis ba a karatu a Islamiyyarmu, na fara ɗaukar 'yan aji na sama, da izinin iyayensu, muna zuwa laburare rukuni-rukuni, 'yan mata tare da malama. Ba na ba su darasi a can. Nakan ba kowa tambaya guda, in ce ya je ya nemo amsarta da kansa, ya rubuto mini sunan littafi da mujalladi da shafi. Ranar farko wata ɗaliba ta matso ta tambaye ni a hankali, "Malam, nawa ake biya in mutum ya taɓa littafin?" Da na ce mata ba a biyan komai, sai ta koma ta zauna da wani littafin tarihin Daular Usmaniyya ta Sakkwato, ba ta ɗago ba har aka kira azahar. Yanzu ita ke tuna mini in Laraba ta yi.

Wanda ke da niyyar kai littattafai, nasa ko na mahaifinsa bayan magada duk sun yarda, ga abin da nake ba shi shawara. Kada ya sauke kwali a bakin ƙofa ya juya. Ya fara zuwa ya ga shugaban wurin, ya ji irin abin da suke bukata da wanda suke da shi. Ya rubuta jerin littattafan kwafi biyu, a sa hannu, ya riƙe ɗaya. A shafin farko na kowane mujalladi a rubuta cewa waƙafi ne ga masu karatu a wannan ɗaki, ba a sayarwa, ba a kyautarwa, ba a gado, kamar yadda magabata ke yi. In rubutun hannu ne na da, a ɗauki hotonsa shafi-shafi kafin ya bar gida. Bayan wata uku kuma ya koma ya duba ko sun hau kanta, in ba su hau ba ya naɗe hannun riga ya taya a jera su.