Allon da ke yi mana kara

Ɗan baffana lantarki yake karanta, ni kuwa kimiyyar harshe. Da ya ce aikinsa na ƙarshen shekara allon harbi ne mai ƙirga maki da kansa, dariya na yi, na ce to idon nasa fa? Ya ce ba shi da ido, kunnuwa gare shi, har huɗu.

Firam ne na katako, takarda a tsakiya, kowace kusurwa da ƙaramin mikro. In harsashin bindigar iska ya huda takarda sai ta ce "tas", ƙarar ta bazu ko'ina. Kunnen da ya fi kusa da hujin shi ke fara ji, sauran su biyo baya. Wannan ɗan jinkirin Arduino ke aunawa, ya lissafa inda harbin ya faɗa. Nan fa na nutsu, don mu ma a darasin furuci haka muke da Praat, muna auna tazarar fashewar "ƙ" da shigowar wasali. Sai dai mu da kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa muke aiki, shi da ɗaya cikin miliyan. Dole ne: a gasar mita 10, ɗigon maki goma rabin milimita ne kacal, harsashin kuwa milimita 4.5.

A Disamba ya gwada shi da bindigar aro, da dare, komai daidai. A Afrilu, saura mako biyu ya tsaya gaban malamai, muka sake gwadawa da rana a Maradi. Ni da ban iya ko riƙon bindiga ba, sai na ga makina sun ɗan haura abin da takarda ke nunawa. Gaskiya na ji daɗi, har na so in yi shiru. Shi kuwa gumi kawai yake, yana sauya wayoyi.

Kwana biyu muna fama kafin na tambaye shi wane gudun sauti ya rubuta a lissafin. Ya ce mita 343 a daƙiƙa, na littafi. Na ce ɗan'uwa, wannan ai na digiri 20 ne! Kowane digiri yana ƙara kusan mita 0.6, a zafin 42 sauti ya kai 356. Jinkirin ya ragu, na'urar ta ɗauka hujin ya fi kusa da tsakiya. Shi ya sa harbi mai kyau bai nuna matsalar ba. Nawa da ke faɗawa gefe ne suka tona ta.

Ya sayo ƴar na'urar auna zafi ya liƙa a firam. Washegari makina suka koma inda suke. Har yanzu in mun haɗu sai ya tambaye ni ko in cire maka ita.